Ina shirye-shiryen talabijin na faretin Macy's na farko suka shiga?

Tambaya: Na karanta cewa tun 1939 ake nuna faretin kantin Macy's na birnin New York a talabijin, amma duk neman da na yi a intanet ban samu shirin shekarun farko ba, sai guntayen majigi nan da can. Ƙasa kamar Amurka, ta yaya abu irin wannan zai salwanta? Ɓoye shi aka yi, ko gobara ce ta cinye? Kuma akwai ranar da za a gano shi?

Amsa: Malam, ba ɓoyewa aka yi ba, kuma ba gobara ba ce. Na shekarun farkon nan da kake nema ba a taɓa naɗar su ba, balle a ce sun ɓata. Waɗanda suka biyo baya an naɗa, amma tun ranar naɗar an san goge su za a yi. Akwai kuma ragowar da ke kwance a ɗakunan ajiya, ba wanda ya damu ya fito da su, ko kuma ba wanda doka ta ba ikon nunawa. Sana'ata juyar da tsofaffin faifan bidiyo ce zuwa kwamfuta, kuma wannan tambaya taka ita ce wadda kusan duk wanda ya shigo wurinmu yake yi, ko a kan wasan ƙwallo, ko a kan jawabin wani shugaba, ko a kan hawan salla.

Sai an san abin da faretin yake kafin a gane dalilin da ya sa aka yi masa riƙon sakainar kashi. A 1924 aka fara shi, ranar Bikin Godiya, wanda Amurkawa ke yi yanzu a Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Kanti ne ya shirya abinsa, ba gwamnati ba, ba hukumar birni ba, kuma manufar a fili take: a sanar da jama'a cewa kakar sayayyar Kirsimeti ta kama, a jawo su har ƙofar kantin da ke titi na 34. Shekarun farko da namun daji aka riƙa yi, waɗanda aka aro daga gidan namun daji na Central Park, daga baya aka maye gurbinsu da manyan balan-balan da kamfanin taya na Goodyear ke ɗinkawa a garin Akron, bisa zanen wani mai wasan 'yar tsana da ake kira Tony Sarg. A 1932 gidajen rediyo suka fara kawo rahotonsa. Talla ce dai ta yini ɗaya, mai kyau da ƙayatarwa, amma talla.

A 1939 talabijin jariri ne. Ranar 30 ga Afrilu na shekarar kamfanin RCA, wanda ya mallaki gidan rediyo da talabijin na NBC, ya buɗe shirye-shiryensa na yau da kullum da jawabin Shugaba Roosevelt a bikin baje kolin duniya na New York. Tashar gwaji ce mai lamba W2XBS, eriyarta a ƙololuwar benen Empire State, kuma akwatunan kallo a duk yankin ba su wuce 'yan dubbai ba. Ita ce ta nuna faretin a watan Nuwamba. Abin da ke rikita mutanen yau shi ne suna ɗauka cewa kyamara, ko wace iri ce, tana ɗaukar hoto ne ta ajiye, kamar yadda waya ke yi. Kyamarar talabijin ta wancan zamani ba ta da ciki. Haske ya shiga ta gaba, ta mayar da shi wutar lantarki, wutar ta bi waya zuwa motar injiniyoyi, daga nan a harba ta eriya, ta sauka a akwatunan mutane, ta zama hoto, shi ke nan. Tsakanin titi da falon mai kallo babu inda hoton ke tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya. Da balan-balan ta gifta, hotonta ya gifta tare da ita.

A 1940 da 1941 ba tashar da ta nuna faretin. Daga 1942 zuwa 1944 faretin kansa aka dakatar saboda yaƙin duniya na biyu, domin roba da iskar hiliyom sun zama kayan yaƙi, har kantin ya miƙa balan-balan ɗinsa ga gwamnati a matsayin tsohuwar roba. A 1945 aka dawo, tashoshin cikin birni suka ci gaba da nunawa. Tashar CBS ce ta fara kai shi wasu garuruwa a 1948, sannan daga 1953 ya zama na NBC har yau.

Za ka iya cewa, to ai akwai kyamarar majigi, me ya hana a kafa ta gaban akwatin a ɗauka? An yi hakan jefi-jefi. A 1938 wani yanayi na sararin sama ya sa hoton BBC daga Landan ya tsallaka teku ya faɗo New York, injiniyoyin RCA suka ɗauki 'yan mintoci daga fuskar akwatinsu da kyamarar fim, kuma wannan dusu-dusun hoton yana nan. Amma abin sha'awa ne aka yi, ba aikin yau da kullum ba. Matsalar ita ce talabijin na Amurka hoto 30 yake zubawa a daƙiƙa, fim kuwa 24 yake ja, don haka in ba a daidaita su ba sai wani baƙin layi ya yi ta yawo a fuskar hoton. Sai a watan Satumba na 1947 Kodak, tare da tashoshin NBC da DuMont, suka fito da kyamarar da aka ƙera musamman don wannan aiki, abin da ake kira kineskop. Saboda haka shirin 1939 da na 1945 da na 1946, ka cire rai. Duk wanda ya nuna maka bidiyo ya ce shirin talabijin na 1939 ne, wani abu dabam yake nuna maka.

(Akwai masu cewa ai hoton yana can yana tafiya a sararin samaniya, wata rana za a kamo shi. Gaskiya ne ya tafi, amma da gudun haske yake tafiya, ba abin da zai sha gabansa, kuma ya daɗe da narkewa cikin hayaniyar sararin.)

Zamanin kineskop ne ya fi ba mutane haushi, domin a nan hanyar naɗar ta samu amma ba a yi amfani da ita yadda muke so ba. Dalili shi ne ba don tarihi aka ƙirƙiro ta ba, don rabo aka yi ta. A ƙarshen shekarun 1940 wayar da ke haɗa tashoshi ba ta kai ko'ina ba. Tashar da ba ta kan layi sai a ɗauki shirin a fim mai faɗin milimita 16, a wanke, a buga kwafi, a aika mata a jirgi ko a mota, ta nuna bayan mako ɗaya ko biyu, ta miƙa wa tasha ta gaba. Wasan barkwanci ko wasan kwaikwayo ba ya lalacewa don ya kwana goma a hanya. Fareti fa? Wa zai zauna kallon faretin Bikin Godiya a tsakiyar Disamba, bayan an cinye talotalon, an wanke tukwane? Shirin da ba za a aika ko'ina ba kuwa, ba dalilin ƙona masa fim. Awa ɗaya a milimita 16 tana cin ƙafa 2,160, ga kuɗin wanki, ga albashin mai kula da injin a ranar hutu.

Ko inda aka yi kineskop ɗin, ransa gajere ne. Yarjejeniyar da aka saba yi ita ce in kwafi ya gama zagayensa a dawo da shi ko a lalata shi, kuma akwai 'yan kasuwar da ke sayen tsohon fim su tatse azurfar da ke jikinsa. Waɗanda suka tsira galibi ta bayan gida suka tsira: kamfanin talla ya nemi kwafi don ya tabbatar an nuna hajarsa yadda ya biya, ko mai gabatarwa ya karɓi nasa ya kai gida, ko wani ma'aikaci ya ga za a zubar ya ɗauke. A watan Satumba na 1951 layi ya haɗa gabashin ƙasar da yammacinta, sai buƙatar ta sauya kama. Yanzu matsalar agogo ce. Tsakanin New York da Kalifoniya awa uku ne, abin da aka fara da hantsi a gabas, mutanen yamma ba su tashi barci ba. Sai a ɗauki shirin a fim a Los Angeles, a wanke shi cikin gaggawa, a nuna bayan awa uku. Kwafin da aka yi don ya rayu awa uku, ba wanda ya tanadar masa wurin kwana.

Sai faifan bidiyo ya zo. A watan Afrilu na 1956 kamfanin Ampex ya nuna injinsa a taron masu gidajen rediyo da talabijin a Shikago, kuma ranar 30 ga Nuwamba na shekarar CBS ta fara amfani da shi wajen jinkirta labaran Douglas Edwards don mutanen yamma. Injin ya kai girman babban kabad, kuɗinsa wajen dala 50,000. Zaren faifan inci biyu ne faɗinsa, yana gudu inci 15 a daƙiƙa, ga kawuna huɗu suna juyawa sau 14,400 a minti suna rubuta hoton a kansa. Ka yi lissafi da kanka: awa ɗaya ƙafa 4,500 ke nan, faretin awa uku ya haura kilomita huɗu na zare. Faifan awa ɗaya kuma kusan dala 300 ne a kuɗin wancan lokaci. Abin da ya sa masu tashoshi suka yi rububin sayen injin ba wai yana ajiye hoto ba ne. Ba ya buƙatar wanki, kuma ana goge shi a sake naɗa a kai, saɓanin fim da in ya sha haske sau ɗaya ya gama aiki. Kamar allon makaranta suka ɗauke shi: almajiri ya biya karatunsa, a wanke, a rubuta na gaba, kuma ba wanda zai ce ya yi ɓarna don ya wanke allo. Bambancin kawai shi ne almajirin ya haddace kafin ya wanke, tasha kuwa ba ta haddace komai ba.

Ni ban ga laifin injiniyan 1958 ba. An ba shi faifai ƙidayayyu, an ce su ishe shi wata, ga labarai, ga wasanni, ga shirin dare. Faretin jiya ya riga ya yi aikinsa. Inda nake ganin laifi shi ne shekarun 1970, lokacin da faifai ya yi araha, aka kuma riga aka san tsofaffin shirye-shirye suna da masu so, amma aka ci gaba da share rumbuna don kuɗin hayar wurin ajiya. Edie Adams, matar ɗan wasan barkwanci Ernie Kovacs, ta ba da shaida a gaban kwamitin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka a 1996 cewa ragowar finafinan tashar DuMont manyan motoci aka cika da su a shekarun 1970 aka zubar a ruwan New York. NBC ta goge mafi yawan shekaru goman farko na shirin dare na Johnny Carson, wanda ya fara a 1962. Super Bowl na farko, wato wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa irin na Amurka, a watan Janairun 1967, tashoshi biyu ne suka nuna shi lokaci guda, CBS da NBC, kuma duka biyun suka goge nasu. Hukumar NASA da kanta ta amsa a 2009 cewa ainihin faifan da suka karɓi hoton saukar Apollo 11 a kan wata an goge su an sake amfani da su. In saukar ɗan'adam a wata bai tsira ba, ina ga faretin kanti?

Amma faretin yana da wasu rauni nasa na kansa, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa. Na farko, duk shekara yana dawowa. Abin da aka san sau ɗaya zai faru, kamar jana'izar Shugaba Kennedy a 1963, kowa ya san a ajiye. Abin da za a sake baɗi, da balan-balan kusan iri ɗaya a titi ɗaya, ba wanda yake jin yana rasa wani abu in ya goge na bana. Sai bayan shekara hamsin ake gane cewa na kowace shekara dabam ne: tufafin 'yan kallo, motocin gefen titi, shagunan da suka rufe, muryar mai gabatarwa, har tallace-tallacen da ke shiga tsakani.

Sannan ga batun haƙƙi, wanda shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. Shirin faretin tarin kayan mutane ne. Ga mawaƙi da kamfaninsa, ga 'yan wasan dandalin Broadway da ƙungiyarsu, ga makaɗan makarantu suna busa waƙoƙin da wasu suka mallaka, ga balan-balan mai siffar Mickey Mouse, wadda ta fara fitowa a 1934, mallakar Disney. Kowannensu izinin nunawa sau ɗaya ya bayar. In tasha na son maimaitawa, sai ta koma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta sake biya. Abin da ba za ka iya sake sayarwa ba kuwa, a idon akanta kaya ne kawai masu cin wuri. Dokar haƙƙin mallaka ma ba ta taimaka ba, domin sai dokar 1976, wadda ta fara aiki a 1978, ta fayyace cewa shirin kai tsaye yana samun kariya in ana naɗar sa a daidai lokacin da ake watsa shi. Daga nan lauyoyi suka samu dalilin cewa a ajiye. Ga kuma rashin uba a cikin gidan: sashen labarai yana da ɗakin ajiyarsa, shirye-shiryen nishaɗi suna da masu su da ke fatan sake sayarwa, fareti kuwa ba labari ba ne, ba wasan kwaikwayo ba, ba wasan motsa jiki ba. Ba teburin da aka ɗora wa alhakinsa.

Launi ma wata asara ce a cikin asara. Ranar 1 ga Janairun 1954 NBC ta nuna faretin furanni na Pasadena da launi daga gabas har yamma, karo na farko da aka yi hakan, alhali ba injin naɗar launi a tashoshi tukuna. Faifan launi mafi tsufa da aka sani na watan Mayun 1958 ne, inda Shugaba Eisenhower ke buɗe ginin tashar NBC a Washinton. Faretin Macy's ya koma launi a 1960, amma kineskop na yau da kullum fari da baƙi yake ɗauka. Don haka ko an tsinci kwafin fim na shekarun 1960, akasari abin da za a gani ba shi ne abin da mai akwatin launi ya gani ba.

To guntayen da ka ce ka gani fa? Waɗannan na gaske ne, amma ba talabijin ba ne. Yawancinsu labaran majigi ne da ake nunawa a gidajen sinima kafin fim, irin na Universal da Fox Movietone da Hearst da Paramount. Minti ɗaya ko biyu suke ba faretin, da kiɗa da muryar mai sharhi da aka ɗora daga baya. Na Universal yanzu suna hannun Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Amurka, kowa na iya amfani da su, shi ya sa suka cika intanet. Wasu kuma hotunan 'yan kallo ne, masu ƙananan kyamarorin milimita 8 da 16, kuma tunda Kodachrome ya shigo kasuwa a 1935, wasunsu da launi mai kyau suke, ya fi duk abin da talabijin zai iya a lokacin. Faretin 1946 kuwa ya yi sa'a ta musamman: kamfanin 20th Century Fox ya kafa kyamarorinsa a cikin faretin na gaske don fim ɗin Miracle on 34th Street da ya fito a 1947, har ɗan wasansa Edmund Gwenn ne ya hau keken Baban Kirsimeti a ranar. Wato faretin kansa muna da hotonsa. Abin da ya tafi shi ne yadda talabijin ya nuna shi: inda aka kafa kyamara, abin da mai gabatarwa ya faɗa lokacin da iska ta kwashe balan-balan, yadda aka cike gurbi in jerin ya tsaya.

Rarrabe su ba wuya in ido ya saba. Labaran majigi gajerun ɗauka ne da aka yanka aka jera, daga sama, daga ƙasa, daga fuskar yaro, da allon rubutu a farko. Hoton ɗan kallo ba sauti, yana rawa, kuma daga wuri ɗaya aka ɗauka, sau da yawa da ƙeyar mutane a gaba. Kineskop kuwa hotonsa ya ɗan dushe, fari ya yi fari fat, baƙi ya cushe, kusurwoyin sukan lanƙwashe saboda fuskar akwatin da aka ɗauka, kuma duk abin da ke ƙyalli, kamar bakin kakaki ko gilashin mota, za ka ga baƙin zobe ya kewaye shi. Wannan zoben aibin kyamarorin talabijin ne na bayan yaƙi, fim ba ya yin sa. Sannan za ka ji mai magana yana tuntuɓe, yana jira, yana cike shiru, domin kai tsaye yake yi.

Abin da ya tsayar da zubar jinin ba tausayi ba ne daga tashoshi. Mutanen waje ne suka fara. A watan Agustan 1968 Jami'ar Vanderbilt ta fara naɗar labaran yamma na manyan tashoshi da kanta, har CBS ta kai ta kotu a kan hakan. A 1975 William Paley, shugaban CBS, ya kafa gidan tarihin watsa shirye-shirye a New York, wanda yanzu ake kira Paley Center. A shekarar ce Sony ya fito da Betamax, injin naɗar bidiyo na gida, VHS ya biyo baya a 1976, kuma cikin 'yan shekaru talaka ya samu ikon da a da sai tasha. Shi ya sa in ka lura, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama shirye-shiryen faretin sun fi samuwa a intanet, da tallace-tallacensu da tambarin tashar garin da aka naɗa. Iyaye ne suka naɗa don 'yarsu tana cikin makaɗan makaranta, kaset ya kwana shekara talatin a kwali, jika ya ɗora a YouTube.

A 1986 NBC ta miƙa wa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki shirye-shirye kimanin 18,000 na tsakanin 1948 da 1977, galibinsu kineskop. Akwai kuma babbar ma'ajiyar fim da talabijin ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, da takardun NBC da ke ajiye a Wisconsin. Mai bincike na gaske nan yake zuwa, kuma ko bai samu hoto ba yakan samu takarda: jadawalin tasha mai nuna minti nawa aka yi, wa ya yi magana, wace talla aka saka, sai sharhin mujallu irin su Variety da Billboard. Sai dai abin da ke irin waɗannan wurare ba ya hawa intanet don kawai yana nan. Kallo a ɗakin bincike ake bari, saboda batun haƙƙin nan da na faɗa. Rashin ganin abu a Google ba hujja ba ce cewa babu shi a duniya.

Batun ko za a gano wani abu, na bayan 1947 ana iya ganowa, kuma kusan kullum a inda ba a zata ba. Wasan ƙarshe na gasar besbol ta 1960 an ɗauka ya tafi, sai a 2009 aka tsinci cikakken kineskop ɗinsa a ɗakin ajiyar giya na gidan marigayi mawaƙi Bing Crosby, wanda ya sa aka ɗaukar masa don yana Faransa ranar wasan. Super Bowl na farkon nan ma wani kwafi da bai cika ba ya fito daga saman silin na wani gida a jihar Pennsylvania, Paley Center ta gyara shi, amma taƙaddamar haƙƙi tsakanin mai faifan da hukumar wasan ta daɗe tana hana a sake shi ga jama'a.

Misalin da ya fi kusa da mu a Jos ya faru. BBC ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960, ciki har da sassa da yawa na wasan kwaikwayon Doctor Who. Amma kafin ta goge ta riga ta buga su a fim na milimita 16 ta sayar wa tashoshin ƙasashen waje, Najeriya na ciki, da sharaɗin a dawo da su ko a lalata bayan an nuna. A 2013 aka sanar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, har da kashi tara da BBC kanta ba ta da su. Abin da ya cece su shi ne ba a bi umarni ba, aka bar su a kan kanta aka manta. Sai dai ka lura, wannan hanya ba ta buɗe wa fareti ba, domin ba a sayar da shi ƙasashen waje a gwangwani. Fatan da ke gare shi yana wurin kamfanonin talla, da iyalan masu gabatarwa da daraktoci, da makarantun da makaɗansu suka yi tattaki zuwa New York suka roƙi kwafin 'yan mintocin da aka nuna su. Guntu-guntu zai riƙa fitowa, ba cikakke ba.

Kuma lokaci ba ya jira. Fim ɗin wancan zamani in ya fara ruɓewa warin tsami yake yi kamar ruwan kal, ya motse, ya lanƙwashe. Faifan bidiyo kuwa gam ɗin da ke riƙe da garin ƙarfen jikinsa ne ke shan laima ya yi danƙo, in aka saka shi a inji ya shafe kawunan, hoton ya kankare a gabanka. Dabararmu ita ce a gasa shi a hankali, a zafin da bai wuce digiri 55 ba, na tsawon sa'o'i ko kwanaki, sannan a samu 'yan kwanakin da zai juyu a kwafe. Babbar matsalar ma yanzu inji ne. An daɗe da daina ƙera masu juya faifai mai inci biyu, kayan gyaransu sai a cire daga wani mataccen, kuma waɗanda suka iya saita su tsofaffi ne. VHS ɗin ma a 2016 kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera injinsa, wani kamfanin Japan, ya daina.

Tunda daga nan gida kake tambaya, ka san tambayar tana da 'yar'uwa a wajenmu. Hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 yana nan ana kallo, domin a fim 'yan labaran majigi suka ɗauke shi, kafin talabijin ya zo ƙasar. A 1959 aka buɗe tashar Ibadan, ta Kaduna ta biyo a 1962, daga baya tashoshin jihohi suka riƙa nuna hawan salla shekara bayan shekara. Irin faifan da suka yi aiki da su, da irin matsin kuɗin da ke sa a goge na bara a naɗi na bana, duk ɗaya ne da na New York, sai ma ƙarin zafi da ƙura da laimar damina. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024, amma hawan daushen wata shekara a cikin shekarun 1980, da sarakunan da suka hau da 'yan kagen da suka yi, mai yiwuwa kwafinsa mafi kyau yana cikin akwatin wani gida ne, a kaset ɗin da mai hoton biki ya ɗauka.

In irin wannan ya faɗo hannunka, ko kaset ko gwangwanin fim, kada ka saka shi a tsohon injin da ya shekara goma ba a kunna ba don ka ga abin da ke ciki, domin juyi ɗaya na iya zama na ƙarshe. Ka ɗauki hoton duk rubutun da ke jikin kwalin, ka tambayi manyan gidan shekarar da wurin tun suna tunawa, ka ajiye shi a tsaye a wuri mai sanyi marar laima, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. In ka ga farin fumfuna ta tagar kaset ɗin, ka ware shi daga sauran. Sannan ka nemi mai juyarwa da zai ba ka fayil ɗin asali wanda ba a matse ba, ka yi kwafi biyu a wurare dabam-dabam, kuma ko bayan an juya kada ka zubar da kaset ɗin.